Barci Ba Aikatau Ba Ne, Malam

Ranar Talatar da ta wuce 'yata ta dawo daga makaranta fuska a murtuke. Ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta dire littafinta na Hausa a gabana kan tabarma. "Baba, ka ga abin da ka ja mini."

Na buɗe, sai ga jan biro ya ratsa shafi. Aikin gida ne da muka yi tare da daddare, an ce a faɗi ajin kowace kalma a cikin jimloli biyar. Jimla ta uku ita ce: Audu ya yi barci. Ni na ce mata ta rubuta "yi" aikatau, "barci" suna. Malam ya soke, ya rubuta a gefe cewa barci aikatau ne, domin aiki ne ake yi. Maki biyu suka tafi, suka tafi da ɗan abin da ya rage na ƙimata a idon yarinya 'yar shekara 12.

Na juya shafin baya don in ga darasin da aka ba su. Ga shi nan da rubutunta mai kyau: azuzuwan kalmomi guda takwas ne, suna, wakilin suna, sifa, aikatau, bayanau, harafi, mahaɗi da motsin rai. A ƙarƙashin kowanne an ba da ma'ana. Suna shi ne sunan mutum ko wuri ko abu. Aikatau kalma ce mai nuna aiki. Duk wanda ya yi firamare ya san wannan waƙa, mun rera ta a darasin Turanci har muka haddace. Ita ce dai aka ɗauko aka sa mata babbar riga da hula.

Ra'ayina shi ne wannan hanya ba ta da kyau, kuma ya kamata a sake ta. Ana gane ajin kalma ne daga halinta a cikin jimla: wa take bi, wa ke bin ta, me take iya ɗauka, me take ƙi. Ma'ana kaɗai takan yaudari mutum. Kuma yawan azuzuwan ba wahayi ba ne, kowane harshe da nasa, sai an zauna an saurare shi ake sani.

Gwajin da ba ya buƙatar littafi

Mu fara da barcin Audu. Kowane Bahaushe ya san ana cewa ya tafi, ya ci, ya zauna, ta dafa, sun gudu. To a gwada: ya barci. Baki ma ba ya son faɗa. Dole sai an kawo "yi" ya tsaya a tsakani, ko da kuwa a maganar sauri ya lanƙwashe ya zama "yai barci". Haka magana, dariya, kuka, tari, atishawa. Duk abubuwa ne da ake yi, amma babu mai cewa ta dariya ko sun magana.

A juya ta ɗaya gefen. Ana cewa barcin Audu, barcina, dogon barci, barci mai nauyi, kamar dai yadda ake cewa gidan Audu, gidana, dogon gida. Barci yana da jinsi: barci ne, magana ce. A gwada wa "tafi" wannan, ba zai karɓa ba. Tafin Audu sai dai in na hannunsa ake nufi.

Abin dariyar ma, ita kanta kalmar "aiki" suna ce. Da aikatau ce, da Hausa ba ta wahalar da kanta ta ƙera "aikata" ba. Harshen yana da tsani na musamman da yake hawa idan yana son mai da suna aikatau: tsoro ya zama tsorata, ƙarfi ya zama ƙarfafa, zafi ya zama zafafa, sanyi ya zama sanyaya. Wanda ke cikin ɗaki ba ya neman tsanin shiga.

Sannan akwai aikatau da yawa da babu wani aiki a cikinsu. Ya fi ni tsawo. Kuɗin ya isa. Ta rasa uwa. Na sani. Wane gumi aka yi a nan? Amma dukkansu sun zauna daram bayan ya, ta, na, don haka aikatau ne. Ma'anar da aka ba yara ta shigo da baƙi, ta kuma kori 'yan gida.

Daga ina takwas ɗin ya fito?

Daga Girkawa. Akwai wani ɗan ƙaramin littafin nahawu da ake jingina wa Dionysius Thrax, mutumin Iskandariya da ya rayu wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A cikinsa aka kasa kalmomin Girkanci gida takwas. Amma takwas ɗinsa ba su ne na littafin 'yata ba. Babu sifa a ciki, domin a wajensa sifa wani reshe ne na suna. Babu motsin rai. Akwai gida guda na kalmomin da suka ɗebo rabi daga suna rabi daga aikatau, akwai kuma gida na 'yar kalmar nan da ke gabatar suna, irin "al" ta Larabci.

Da Rumawa suka ɗauki tsarin, sai suka tarar Latin ba ta da waccan 'yar kalma. Gida ɗaya ya zama kango, saura bakwai. Sai suka zaro motsin rai daga cikin bayanau suka ba shi gidan, lissafi ya koma takwas. Haka Donatus, malamin nahawun Latin, ya koyar a ƙarni na 4, haka Turai ta yi ta haddacewa shekaru aru-aru. Su kansu Ingilishi ba su tsaya a kan takwas ba, Robert Lowth a nahawunsa na 1762 tara ya lissafa. A Indiya kuwa, tun kafin Girkawa su kammala nasu, wani masani mai suna Yaska ya kasa kalmomin harshen Sanskrit gida huɗu kacal.

Ke nan lambar da ake jan biro a kanta, an yi ta cire mata wannan ana liƙa mata wancan kafin ta iso Zariya da Katsina. An ɗinka ta ne a jikin Girkanci, aka rage wa Latin, aka sake ragewa Turanci. Mu ne na huɗu a layi, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Kalmomin da aka bari a waje

Ga jimla ta yau da kullum: Rigar dai fara ce fat. Kalmomi biyar. A ba yaro gidaje takwas ɗin nan a ce ya raba su.

Riga suna ce, ba gardama, ko da yake 'yar "r" ɗin da ke maƙale a wutsiyarta ma tana da nata aiki. Fara sifa ce. To "ce" fa? Malamin da ke tunani da Turanci zai ce aikatau ce, domin a can kalmar da ke wannan aiki aikatau ce. Amma "ce" ba ta san jiya ba, ba ta san gobe ba. Ba ta bin ya ko ta. Jinsi kawai take kallo, ne ga namiji da jam'i, ce ga mace. Hasali ma jimlar nan gaba ɗaya babu aikatau a cikinta, kuma ta cika, babu abin da ta rasa.

"Fat" kuma? Za a ce bayanau. To me ya sa ba a cewa baƙi fat ko ja fat? Baƙi sai ƙirin, ja sai wur, kore sai shar. Cika sai fal ko maƙil, shiru sai tsit, tashi sai farat ko zumbur. Bayanau na gaske irin su jiya da sosai ba su da wannan zaɓen miji. Kuma yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, amma waɗannan ga su nan da baƙi a ƙarshe, fat, tsaf, wuf, tinjim, kuma muryar mai magana takan ɗaga idan ta zo kansu. Suna da yawa ƙwarai, su ne ke sa labarin tsohuwa ya yi daɗi. A fagen nazarin harsunan Afirka, Clement Doke ne ya yi fice da ware irinsu a 1935, yana aiki kan harsunan Bantu.

Saura "dai". Ita da 'yan uwanta fa, ma, kam, kuwa, kuma. Ni dai, ni fa, ni ma, ni kam, ni kuwa. Mutum ɗaya ne ke magana amma zuciya biyar. Wasu malamai na kiran su gishirin Hausa, kuma sunan ya dace. A cikin takwas ɗin babu inda za su kwana.

Ban ma taɓo akwai da babu ba, ko "ga" ta ga shi nan. Ban taɓo "ya" ɗin da ke cikin Audu ya tafi ba, wanda ake ce wa yara wakilin suna ne alhali ga sunan nan tsaye kusa da shi, wa yake wakilta?

A nan dole in yi adalci. Masanan Hausa sun daɗe da ganin duk wannan, kuma sun raɗa wa waɗannan kalmomi sunaye masu kyan gaske. Ne da ce su ne dirka, kamar itacen da ake tokare rumfa da shi. Fat da tsit amsa-kama. Shi kuwa "ya" da ke gaban aikatau, zagi, kamar mai tafiya gaban dokin sarki. Wanda ya raɗa wannan suna ya san Hausa ya kuma san fada. Tun nahawun M.K.M. Galadanci na 1976 da littattafan da suka biyo baya da Hausa, ɗaliban jami'a da na kwalejojin ilimi ke karanta tsarin da ya fi takwas nesa ba kusa ba. Matsalar tana ƙasa, inda ake miƙa darasin Hausa ga duk malamin da ke da sarari a jadawali, don ai Bahaushe ne. Shi kuma bawan Allah sai ya buɗe abin da ya haddace a Turanci ya fassara.

Sifa ma haka take. Turanci na da sifofi buhu-buhu, don haka mai fassara zai ɗauka zafi da nauyi da daɗi da faɗi sifofi ne. Sunaye ne. Shi ya sa muke cewa ruwa mai zafi, yana da nauyi, ya yi daɗi, kamar yadda muke cewa mai kuɗi, yana da mota. F.W. Parsons ya yi rubutu a kan wannan rukuni tun 1955. Sifa ta asali ita ce mai juyawa ta kuma bi jinsi: farin doki, doki fari, farar riga, fararen riguna. A juya "ruwan zafi" a gani, zafin ruwa wani abu ne daban.

"To a koma uku irin na Larabci mana"

Wani abokina da ya yi karatun zaure, da na kai masa ƙorafi, dariya ya yi. Ya ce ku 'yan boko kun cika son wahala, magana ai uku ce: isimi (suna), fi'ili (aikatau), harafi. Haka Sibawaihi ya kafa a Basra tun ƙarni na 8, haka Ibn Ajurrum na Fas, wanda ya rasu a 1323, ya taƙaita a ɗan littafin nan Ajurumiyya da kusan duk mai fara nahawu a ƙasar Hausa ke buɗewa da shi.

Ina ganin girman wannan tsari, amma ba don ukun ba. Abin da ya burge ni shi ne yadda ake koyar da shi. Ba a barin almajiri da ma'ana kawai, ana ba shi alamomi. Ana gane isimi da tanwini, da shigar alif da lam, da karɓar jarra. Ana gane fi'ili da shigar ƙad, da sin, da saufa, da ta'in mace. Harafi shi ne wanda ba ya karɓar alamar wannan ko ta wancan. Wato gwaji ake ba shi a hannu, ya je ya ɗora wa kowace kalma ya gani da idonsa. Almajirin da ke zaune kan buzu a zaure yana da hanyar da ta fi ta ɗan aji ɗaya na sakandare inganci, kuma ya kamata mu ji kunyar wannan.

Sai dai ukun ma ba su rufe ko'ina ba, ko a Larabcin. Malaman Basra da na Kufa sun yi ta ja-in-ja kan kalmomin yabo da zargi, ni'ima da bi'isa, waɗancan su ce fi'ili, waɗannan su ce isimi. Akwai kalmomi irin su haihata da sah da amin, masu ma'anar fi'ili amma ba sa karɓar alamominsa, har aka rasa yadda za a yi aka ce musu sunayen fi'ili. A 1973 masanin Masar Tammam Hassan ya kawo shawarar a mai da rabon bakwai. In Larabci da aka yi wa tsarin ya fara matse shi, ina ga Hausa? Abin da za mu ara daga zaure shi ne dabarar alamomi. Alamomin kansu kuwa sai mun nemo namu.

Waɗanda suka gina harshe da hannunsu

Akwai masu cewa duk wannan rikici laifin harsunan gado ne, da suka tsiro kamar ciyawa babu mai tsara su. Da mutum zai zauna ya gina harshe da hankali, da kowace kalma ta san gidanta. To an gwada, ba sau ɗaya ba.

A 1887 wani likitan ido a birnin Warso, L.L. Zamenhof, ya fitar da harshen Esperanto da ƙa'idoji 16. Dabararsa kyakkyawa ce, kowace kalma ta sa rigar ajinta. Suna ya ƙare da o, sifa da a, bayanau da e, aikatau da i idan ba a sa masa lokaci ba. Sano lafiya, sana mai lafiya, sane cikin lafiya, sani zama lafiya. Da a wannan harshe aka ba 'yata aikin gida, da wutsiyar kalma kawai za ta duba ta ci makinta.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Kombi shi ne taje kai, brosi shi ne gogewa da burushi. Aiki iri ɗaya, siffa iri ɗaya. A mai da su suna: broso burushi ne, abin da ake riƙewa a hannu. Kombo kuwa ba mataji ba ne, tazar ce kanta. In mataji kake so sai ka ce kombilo, in kuma gugar burushi kake nufi sai ka ce brosado. Haka guduma da zarto: martelo guduma ce kai tsaye, amma zarto sai an ce segilo. Me ya kawo bambancin? Saiwar kalmar tun asali tana da nata hali, ɗaya ta abu ce, ɗaya ta aiki. Rigar da aka sa mata ba ta sauya jininta ba, dole mai koyo ya haddace wace ce wace, kamar dai a kowane harshe.

Wannan matsala tana cikin abubuwan da suka raba kan masu harshen. A 1907 wasu suka ɓalle suka kafa Ido, da ƙa'idar da suke ganin ta fi tsauri wajen ƙera kalma daga kalma. A 1910 René de Saussure, ƙanen shahararren masanin harshen nan Ferdinand, ya rubuta bayani don kare Esperanto, kuma abin da ya dogara da shi shi ne amincewa cewa saiwoyin suna da aji tun kafin a sa musu wutsiya.

Ban da haka, kalmomin da aka fi amfani da su ba su sa rigar ba sam. Mi da vi, wato ni da kai, sun ƙare da i amma ba aikatau ba ne. Tri uku ne. La da tra sun ƙare da a, ba sifa ba ne. Hodiaŭ, wato yau, bayanau ne amma babu e. Sannan da mutane suka fara hira da harshen da gaske, har wasu suka haifi 'ya'ya suka tashi da shi, sai suka fara tsallake katanga. Maimakon estas blua, shuɗi ne, sai ka ji bluas, an mai da shuɗi aikatau. Mu ma ai muna yi: ya yi fari, ya faranta.

Wasu suka bi ta wata hanya. Lojban, wanda aka fara a 1987 a kan tubalin Loglan na James Cooke Brown, ya soke bambancin suna da sifa da aikatau gaba ɗaya. Kalmominsa kashi uku ne: masu ɗauke da ma'ana, ƙananan kalmomin tsari, da sunayen yanka. Abokina na zaure zai ji daɗi, ga uku an dawo. Kalma guda kamar klama tana da gurabe biyar, mai tafiya, inda za shi, inda ya fito, hanyar da ya bi, abin da ya hau, kuma ƙananan kalmomin ne ke nuna wanne ake nufi. Sai dai su ƙananan kalmomin an sake kasa su gida fiye da 100. An rage a gaba, an tara a baya. Ba cinya ba, ƙafar baya.

Toki Pona kuwa, da Sonja Lang ta Kanada ta fitar a 2001 da kalmomi wajen 120, sakin kalmomin ta yi su yi yawo. Moku ci ne, kuma abinci ne. Telo ruwa ne, kuma wankewa ne. Wurin zaman kalma a jimla da 'yan ƙananan alamu irin su li da e ne ke faɗin aikinta. Sakamakon haka, mi moku na iya zama ina ci, yana iya zama ni abinci ne. Masu harshen sun mai da abin barkwanci, kuma a hira ba sa ruɗewa, don ba a cika samun tuwo yana gabatar da kansa ba.

Mutum uku, dabara uku, kowa da alƙalami a hannunsa da ikon yin yadda ya ga dama. Wanda ya ɗinka wa kalmomi riga, sun fito ta ƙasa. Wanda ya rushe gidajen, ya sake gina ɗari. Wadda ta sake su, jimla ce ta koma tana yi musu aji. Idan maginin harshe bai iya tsare kalmominsa a takwas ba, ban ga dalilin da za a tilasta wa Hausa ba, harshen da babu wanda ya zana shi a takarda kafin a fara magana da shi.

"Ka rikita yara, jarrabawa amsa ɗaya take so"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba na raina ta. Malami na da yara 70 ko fiye a aji, ga WAEC da NECO na jira a gaba. Ba shi da lokacin falsafa.

Amma wanne ya fi sauƙi ga yaro? Ya haddace ma'anar da za ta ci amanarsa a jimla ta uku, ko a ce masa: sa "ya" a gaban kalmar, in ta zauna aikatau ce? Gwajin nan ɗan shekara bakwai zai iya, domin amsar tana bakinsa tun yana goye. Sa "ne" ko "ce" a bayanta, ka liƙa mata "-n Audu" ko "-r Audu", in ta karɓa suna ce. Juya ta gaba da baya, in ma'ana ba ta sauya ba sifa ce. Amsa ɗaya ake samu, kuma amsar da yaro zai iya karewa. Wanda aka koya wa haka ba zai faɗi jarrabawa ba, sai dai in mai jarrabawar ne ya yi kuskure.

Akwai kuma masu cewa, tunda kowane rabo na yoyo, a watsar da shi mana. Ban yarda ba. Mai kanti yana jera sabulu gefe guda, shinkafa gefe guda, duk da akwai kayan da bai san inda zai sa su ba sai ya ajiye kan teburi. Ba zai zube komai a ƙasa don ashana ta rasa kanta ba. Mai rubuta ƙamus na buƙatar rabon, mai koyar da baƙo Hausa na buƙatarsa. Masu koya wa kwamfuta harshe ma haka, tsarin da suka fi amfani da shi a duniya yanzu gida 17 ne, kuma ko a cikinsa babu gidan amsa-kama, sai a cusa fat da tsit inda aka samu wuri.

Abin da nake so yaro ya sani shi ne kalma ɗaya a rubuce na iya zama mutum da yawa. Ciki na ciwo, suna. Yana ciki, bayanau. Cikin gida, ga shi ya koma nuna wuri, kamar yadda baya da gaba da kai da baki suka ba mu bayan gida, gaban sarki, kan tebur, bakin kogi. Ko a duba wannan: da da ne, da mutumin da ya zo da kaya da rana ya koma da su. "Da" bakwai a jimla ɗaya, kuma duk Bahaushe zai karanta ta daidai, ya ja wannan, ya sauke wancan, ba tare da an sa masa alamar karin sauti ba. Wanda ke iya wannan a kansa bai cancanci a ce masa harshensa gida takwas ne na aro ba.

Ranar Alhamis na je ɗaukar yarinyar da kaina, na tarar da Malam a bakin ƙofa yana kakkaɓe alli daga hannun rigarsa. Muka gaisa. Na ce, "Malam, Allah ya gafarta, wata 'yar tambaya ce da ni kan barcin Audu."

Ya yi murmushi, ya gane. "Alhaji, haka yake a takardar da na gada wajen wanda na canza. Ni lissafi na karanta."

Na ce to ya taimaka ya ce mini "Audu ya barci". Ya buɗe baki, ya tsaya, ya sake gwadawa a hankali, sai ya fashe da dariya har yaran da ke wucewa suka juyo. Ya ce ta kawo littafin gobe.

An mayar mata da makinta biyu. Amma tun ranar ban huta ba, duk kalmar da ta ji sai ta sa mata "ya" a gaba. Jiya da daddare uwarta ta miƙo mata kwano ta ce ungo, sai ta tsaya da kwanon a hannu.

"Baba, ya ungo?"

Na ce babu.

"Ungon Audu?"

Babu.

"Amma ana cewa ungo wannan, kamar karɓi wannan."

Na ce ana cewa. Ta ajiye tuwon yana hucewa, ta ɗauko littafin, ta ja layi a ƙasan motsin rai ta rubuta lamba 9.